Wuƙar Baba a Kan Yalo

Shekara arba'in yana tsaye a Kasuwar Daji,
hannunsa ya san haƙarƙari ko da ido rufe,
ya san ragon da ya ci dusa da wanda ya ci wuya.
Sai ga wani yaro mai farar riga a asibiti,
wanda ko gemu bai gama fito masa ba,
ya dubi takarda, ya ce: Baba Labbo, kai da nama sai kallo.

Bai tanka ba.
Ya dawo gida, ya rataye wuƙa a ƙusa,
ya kwanta da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba.

Kwana tara ina kai tuwo, ina ɗauko tuwo.

Daren na goma na jiƙa farin wake.
Da safe na murje ɓawonsa, na ɗora a wuta
har ya yi laushin da yatsa ke iya rinjayarsa.
Hajiya Tumba ta bayan katanga ta koya mini.
Ta ce can inda ta zauna da wani wake ake yi,
mai ɗan baki kamar na tsako.
Na ce, Hajiya, a Runjin Sambo muke,
wanda Allah ya ba mu ya isa.

Riɗi a kasko yana tsalle, yana tsegumi.
Turmi ya karɓe su duka:
riɗin, waken, tafarnuwa ƙwaya uku,
ruwan lemun tsami,
da ɗan gishirin da likita ya yafe mana.
Na daka har taɓarya ta daina magana,
na zuba man gyaɗa, ya kwanta lumui.

Saura yalo.
Manya, baƙaƙe, masu sheƙi kamar goshin jariri,
da sanyin fadamar Kwalkwalawa a jikinsu.
Na sa 'yar wuƙar albasa ina fama,
wannan yanka ya yi kauri, wancan ya yage.

Daga cikin ɗaki murya ta fito:
Ke Asma, wa ka wulaƙanta wuƙa haka?

Ashe kunne bai yi ritaya ba.

Ya fito yana jan ƙafar da ta kumbura,
ya miƙa hannu ga ƙusa ba tare da ya duba ba.
Sau uku a kan dutse, sau ɗaya a kan farce.
Ya riƙe yalon kamar yadda ake riƙe cinya,
ya yi bisimilla don sabo,
ya fere shi fale-fale, har rana na ratsa shi,
kai ka ce kilishi za a shanya.

Tsohuwar wayar gashi ta fito daga bayan rumbu.
Gawayi ya kama. Ya shafa mai da bayan cokali,
ya barbaɗa ƙuli da yaji da yatsu uku,
yana juya su, yana faɗa da ni kan hayaƙi.

Ni kuwa na tsaga gurasa ta buɗe baki kamar aljihu,
na shafe cikinta da dakan wake,
na jera yalon da zafinsa,
tumatir, albasa, da ɗan ganyen latas
da zafin garin nan ya bar wa rai.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya jujjuya. Ya shinshina.
Ya gatsa, man ya bi gemu.
Ya daɗe yana tauna, idonsa na kan katanga.

Wanga dai ba nama na ba, in ji shi.
Na ce, na sani, Baba.
Ya sake gatsa.
Amma wanda ya yanka yalon ga ya san aiki.

Kwanon ya dawo ba komai.
Da na zo shara da yamma, ƙusar ma ba komai.
Da asuba, kafin ladan ya sauke murya,
na ji ƙarfe yana gaisawa da dutse.